Labulen Wayar Yaya Tsaf

Yaya Tsaf 'yar kawuna ce, kuma ita kaɗai na sani a duniya wadda in ta shiga gidan mutane sai ta fara gaida tagogi kafin ta gaida masu gida. Shekara ashirin da tara tana ɗinkin labule a shago guda, a kan layi guda, bisa kujera guda da ta lotsa daidai jikinta, har in wani ya zauna a kai sai ya kwana biyu yana tafiya a karkace. Tef ɗin awo ba ya barin wuyanta. Mu dangi mun yi imani da shi aka haife ta.

Sunan kuwa daga bakinta ya fito. An share shago? Tsaf. Yaya jikin Kawu? Ya warke tsaf. An ce ranar da ta haifi ɗanta na fari, kafin yaron ya yi kukan farko ta riga ta duba shi sama da ƙasa ta ce, "Tsaf." Amma fa a kan ɗinkin wani, rowar kalmar nan take yi kamar daga aljihunta za ta fita. Ba telan da ya taɓa jin ta a kan aikinsa.

Wannan rowa ce ta raba ta da Ta Tsallake, mai ɗinkin zanen gado da rigunan filo, wadda shagonta ke kallon nata. Wurin malama ɗaya suka koyi keke, a kwano ɗaya suka ci. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Ta Tsallake ta yi wani zanen gado da ta ɓata sati uku a kansa, ta ɗauko shi da murna ta shimfiɗa a teburin Yaya, ta ce, "Ya kika gani?" Yaya ta bi kalmasa da yatsa tun daga wannan gefe har wancan, ta ce, "Ba laifi."

Ta Tsallake ta naɗe kayanta ta fita. Titin taku goma sha biyu ne, na auna da ƙafata, amma tun daga ranar ba wadda ta sake ƙetare shi. Gaisuwarsu ta koma ɗaga haɓa, ita ma sai an yi sa'a.

To, bara idon Yaya ya fara yi mata wasa.

Da farko zura zare ne. Matar da a da take zura zare a kafar allura tana faɗa da mai kawo yadi, ta koma sai ta lashi zaren sau biyar, ta ɗaga shi wajen taga, ta zagi masu ƙera allura cewa sun tsuke kafa. Sai kuma shuɗi mai duhu da baƙi suka zame mata abu ɗaya. In rana ta hasko ƙofar shago, komai ya yi fari fat kamar an watsa gari. Ranar da abin ya tsorata ta, wani labulen falo ta gama, ta rataye shi a ƙarfen gwaji, ta ja baya. Gefe ɗaya ya ɗage da yatsa biyu. Ta yi maza ta sauke shi ta shige bayan shago, ta farke kalmasar gaba ɗaya.

Ga shi ta karɓi aikin wani sabon masaukin baƙi, taga goma sha huɗu, yadin kuma shuɗi mai duhu, kamar da gangan. Sati shida aka ba ta.

Ba ta gaya wa kowa ba, kuma tana da dalili. Babban ɗanta ya shekara biyu yana cewa, "Mama, ki rufe shagon nan ki huta, me muke yi da ba za mu riƙe ki ba?" Da ya ji maganar ido, ranar zai zo da kwaɗon kulle shagon. Mijinta kuwa, tsohon direban babbar mota, mutumin kirki ne, amma cikinsa ba shi da murfi. In ka gaya masa magana da safe, kafin azahar mai faci ya sani, mai shayi ya sani, har an ƙara mata gishiri an dawo maka da ita. Asibitin ido na ƙarshen layinsu kuma abokinsa ne mai gadi a can. Su masu kawo ɗinki, wa zai ba makauniya yadi mai tsada? Haka take kiran kanta a zuci. Sunan da ta gina shekara ashirin da tara, kalmasa ɗaya karkatacciya ta isa ta rushe shi.

Akwai wani zauren teloli a intanet, mutum dubu nawa daga ƙasashe daban-daban, inda ake tambayar komai, daga gyaran keke har ciwon baya. Can take so ta tambaya ko wani ya taɓa shiga wannan hali, ko makanta ce ta zo. Sai dai a zauren nan ita sarauniya ce. Hotonta yana nan, hoton shagonta yana nan, ta gyara wa rabin zauren kuskure ba tare da sun roƙe ta ba. Matan layinsu duk suna ciki.

Ana haka Allah ya kawo Kukun Jirgi. Wata mata ce doguwa mai dariya kamar ana sauke kwanuka, tana dafa abinci a jirgin ruwan dakon kaya, wata goma a teku, wata biyu a gida. Labulen ɗakin mahaifiyarta ta zo yi. Tana neman hoton samfuri a wayarta sai ta yi tsaki.

"Au, na manta ban kashe abin nan ba. Wayata tana can wata ƙasa."

Yaya ta dubi wayar, ta dubi matar. "Baiwar Allah, ba ga ta a hannunki ba?"

"A hannuna take, amma duk wanda ya leƙo zai ga tana ƙasar ƙanƙara. Bi-fi-en ake ce masa, Anti. Yana ɓoye inda kike, ba mai bibiyarki."

"Abin hana bibiya, kuma aka rasa sunan sa masa sai Bibiyan?"

Kuku ta yi dariya har zobban labule suka motsa. Ta ce ita ma ba a makaranta ta koya ba. Wani mai gyaran injin jirginsu ne ya koya mata, mutumin wata ƙasa da in an tashi zaɓe sai hukuma ta toshe musu intanet. Shi kuma ƙanwarsa 'yar jami'a ce ta koya masa, ita kuma a bayan ƙofar banɗakin makaranta ta ga an rubuta sunan abin da biro. A jirginsu, in ji ta, mutum ashirin da biyu ne daga ƙasa tara, kowa da dalilinsa. Wani don ya kalli ƙwallon garinsu, wani don ya kira matarsa inda aka hana kira, wata don tsohon mijinta ya daina sanin inda take. Ba wanda ya karanta littafi a kai. Kowa ranar da ya matsu ne wani na kusa ya ce masa, miƙo wayarka in nuna maka.

Yaya ta ajiye almakashi. "Nuna min."

Kuku ta fara bayani. Akwai shafin sirri da ke cikin kowace waya, wanda ba ya ajiye abin da ka duba, amma 'yan gida kawai yake ɓoye wa, na waje suna gani. Akwai bi-fi-en, da ke bi da kai ta wani gida a wata ƙasa. Akwai kuma wani da ke bi da kai ta gida uku, kowane gida bai san na gabansa daga ina ya samo ka ba, sai dai nauyi gare shi.

"Tsaya," in ji Yaya. "Wato labule ne. Na farkon shara-shara ne, na ado, in an kunna fitila kowa ya gan ki. Na biyu mai shafi. Na ukun shi ne mai ninki uku, wanda ma'aikatan dare ke saye don su yi barcin rana. Ai dole ya yi nauyin ja."

"Anti, wallahi mai gyaran injin nan awa biyu ya yi bai faɗe shi haka ba."

"Mai shafin nake so."

Kuku ta zaɓo mata wanda 'yan jirginsu suka yarda da shi, ta ce ta kiyayi na banza da ke yawo, don akwai labulen da shi da kansa ne mai leƙen. Ta buɗe mata sabon adireshi da ba ya haɗe da lambarta, ta ce ta zaɓi suna. Yaya ta yi tunani, ta ce a rubuta Tsohon Tela. Namiji, tsoho, a ƙasar ƙanƙara. Da Kuku ta tashi tafiya sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Abu ɗaya, Anti. Labule ɗaki yake rufewa, ba ya rufe murya. In kika yi tari a bayansa, wanda ya san tarinki ya gane ki."

"Na ji tsaf," in ji Yaya.

Kwana uku ta yi ba ta rubuta komai ba, tana dai yawo a cikin wayar. Ta je ƙasar ƙanƙara da safe, ta yi azahar a wani tsibiri, la'asar ta same ta a inda ko sunan ba ta iya faɗa. Matar da tafiyarta mafi nisa ita ce kasuwar yadi! Wayar ta fara kawo mata tallan takalman dusar ƙanƙara cikin wani yare mai ɗigo-ɗigo a kan haruffa. Direba, mijin nata, ya ɗauki wayar zai duba ko za a yi ruwa, ya ga an ce sanyi ya kai ƙasa da sifili.

"Ke, Maman yara, wayar nan taki ta haukace. Ni ina zufa, ita tana cewa in sa safa."

"Ajiye min abata. Mura take yi."

Kafin yamma duk layin ya san wayar Yaya Tsaf tana mura.

Rana ta huɗu, bayan azahar, lokacin da layin ke yin shiru, ta saki labulen ƙofar shago, ta kunna na waya, ta ƙara girman rubutu har kalma uku ke cika fuskar wayar. Ta rubuta cewa shi tsohon tela ne a wata ƙasa mai nisa, idonsa ya fara hazo, shuɗi da baƙi sun haɗe masa, hasken rana na kashe masa gani. Shin makanta ce? Shin akwai wanda ya taɓa dawowa kan keke bayan haka? Da ta gama ta tuna maganar Kuku, ta koma ta bi rubutun layi-layi kamar mai tsintar tsakuwa. Tsaf goma sha ɗaya ta cire. Ita ta ce bakwai ne, amma na san ta. Ta duba sau uku, ta tura.

Amsoshi suka yi ta zubowa. Wani ya ce a ɗiga ruwan albasa. Wata ta ce kakanta ya yi haka, bayan wata biyu ya rasu, Allah ya ba Baba lafiya. Wani ya tallata man keke. Yaya ta kusa kashe wayar, sai ga wani mai suna Ƙaramin Maɓalli ya rubuto.

Ya ce, Baba, kada ka ɗiga komai. In ka kalli fitila kana ganin zobe kewaye da ita? In eh, to alama yanar ido ce ta rufe shi, amma likita ne zai tabbatar. Ni tela ne, na yi irinta shekara biyu da suka wuce. Na ɓoye wata takwas ina kuka ni kaɗai, ashe aikin bai kai tsawon kalmashe zanen gado ɗaya ba. Ido ɗaya ake fara yi. Ka huta sati uku, ka guji ƙura da sunkuyo. Yau ina zura zare ba tabarau.

Yaya ta ɗaga kai ta kalli fitilar shago. Ga zoben nan, rawaya, kewaye da ita. Ta goge ido da gefen wani yadin mutane, abin da ba ta taɓa yi ba, ta rubuta da sauri, ba dubawa:

"Allah ya saka da alheri, ɗana. Na gane tsaf."

Sai da ta kai gida tana wanke hannu abin ya faɗo mata. Ta saki sabulu. Ta ɗauko wayar ta goge saƙon, amma an riga an nuna Ƙaramin Maɓalli ya karanta.

Washegari ta buɗe shago kamar wadda za a yanke wa hukunci. Ta shimfiɗa shuɗin yadin masauki, ta riƙe alli, ta kasa ja. Tana ɗagowa ta hango wata inuwa ta fito daga shagon tsallake, ta duba hagu, ta duba dama, ta sako ƙafa a kan titi. Mai faci ya rantse min guduma ta faɗi daga hannunsa. Mai shayi ya zuba wa wani madara a kan takalmi.

Ta Tsallake ta shigo, ta saki labulen ƙofa da kanta, ta tsaya.

"Ina kwana, Tsohon Tela."

Yaya ta ce, "Wa kike nema?"

"Yaya sanyin ƙasarku? An ce har safa kuke sawa."

"Ban san zancen da kike yi ba."

"Ke dai ba ki iya ƙarya ba tun muna gaban Malama. Mutum dubu nawa a zauren nan, wa ke cewa na gane tsaf in ba ke ba? Har da kirana ɗanki. Na girme ki da wata biyar."

Yaya ta zauna a kujerarta a hankali. "Ke ce Maɓallin?"

"Ni ce. Kin tuna lokacin da na rufe shago sati uku, aka ce na je jinyar 'yata?"

"Na tuna. Har na ce a raina 'yar taki ta cika raki."

"To ni ce 'yar. A rediyo na ji wata mata tana bayanin abin ɓoye suna, na rubuta a bayan katin zare, surukina ya sa min. Ni ma tsoron nawa ke ce. Na ce in Tsaf ta ji idona ya taɓu, ta samu abin faɗa har ta mutu."

Yaya ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wa kika gaya wa?"

"Shekara goma sha ɗaya ban yi miki magana ba, sai in je in yi maganarki da wasu? Tashi ki ɗauko jakarki. Akwai asibiti a can bayan tashar jirgin ƙasa, mai gadinsu bai san mijinki ba."

"Aikin masauki fa? Taga goma sha huɗu."

"Ki yi awo, ki faɗa min tattarar da kike so. Yanka da kalmasa nawa ne."

"Ke? Kalmasar labule ba irin ta zanen gado ba ce."

"Ga ƙofa can, in kin fi so ki kira mai faci ya yi miki."

Yaya ta ɗauko jaka.

Likita ya ce yanar ido ce, ido biyu, na dama ya fi. Aka sa rana. A daren jajibirin aikin ba ta gaya wa Direba ba, sai da safe suna karyawa, don ta rage masa lokacin yaɗawa. Ya tashi ya goge takalminsa, ya raka ta, ya zauna a benci riƙe da jakarta a cinya har aka fito da ita da auduga a ido. Awa huɗu cur bakinsa a rufe, abin da dangi har yau muke lissafawa cikin abubuwan mamaki. Da suka dawo kuwa ya fanshe, har mai kwasar shara sai da ya ji yadda aka yi.

Babban ɗanta ya zo da kwaɗon da ake tsoro, sabo fil a cikin leda. Ta ce ya ajiye shi, ya dawo bayan sati uku. Cikin sati ukun nan, kullum da hantsi ana ganin Ta Tsallake tana ƙetare titi da shuɗin yadi a kafaɗa, Yaya na zaune da baƙin tabarau kamar shugabar 'yan daba, tana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ta. Suka yi faɗa a kan tattara, suka yi faɗa a kan zare, suka yi faɗa a kan wadda Malama ta fi so. Masu kawo ɗinki kuma ba wanda ya janye. Wata ma cewa ta yi, in dai idon da ya lalace ne ya yi mata labulen bara, to a ba ta layi tun yanzu kafin a gyara na biyun kuɗi ya tashi.

Ranar da sati uku suka cika, ɗan ya dawo. Yaya ta cire tabarau, ta ɗauki allura mafi ƙanƙanta a shagon, ta zura zare sau ɗaya, ba lasa, tana kallonsa.

"Kwaɗon nan ka kai shi ɗakin kajin matarka."

Ya tafi da abinsa yana dariya.

Tun daga nan ta zama malamar labulen waya a layinsu. Mai kitso ta zo, matar mai shayi ta zo, har wata malamar makaranta mai digiri ta zo ta zauna a benci. Kowacce Yaya ba ta tambayar ta dalili, sai dai ta ce, "Shara-shara kike so ko mai shafi?" In ta gama sa mata, sai ta riƙe wayar ba ta saki ba, ta ce, "Wace kalma ce ba kya iya kwana ba ki faɗa ba? To ita za ki fara cirewa."

Amma na tsallake ranar kai kaya. Kafin motar masauki ta zo, aka rataye labulayen ɗaya bayan ɗaya a ƙarfen gwaji. Yaya ta tashi da sabon idonta, wanda yanzu ke hango ƙura a kan kwabar mai shayi daga cikin shago, ta bi kalmasa da yatsa. Na farko, na biyu, har na goma sha huɗu. Ta sa tef, ta cire. Ta durƙusa, duk da likita ya hana. Ta Tsallake na tsaye ta harɗe hannu, tana kallon silin kamar abin bai dame ta ba.

Yaya ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa, ta yi gyaran murya.

"Ba lai..."

"Ki ƙarasa," in ji Ta Tsallake. "Ki ƙarasa ki gani in ban farke su duka ba."

Yaya ta sake duban labulen ƙarshe, ta ja shi hagu, ta ja shi dama. Ƙasansa ya tsaya daidai da bakin siminti tun daga wannan gefe har wancan.

"Tsaf," in ji ta.

Ta Tsallake ta juya baya tana neman almakashin da ke hannunta.